Tsamiyar da Nake Rage Iska

Kun taso kuna jin ana cewa kakanku bai taɓa ƙaunar babur ɗina ba, wai har ya yi watanni ba ya yi mini magana saboda na bar sana'ar gidanmu na hau ƙarfen Nasara. Gwaggonku Kulu ce ta fi yaɗa wannan zance, ita kuwa a lokacin ko aikenta kasuwa ba a fara ba. Gaskiya ne an yi watannin shiru tsakanina da shi, a shekarar da aka sami 'yancin kai. Amma ba sana'a ce ta jawo ba, kuma duk Ƙofar Rini babu wanda ya kai Baba son babur ɗin nan, har ni mai hawansa. Iskar taya ce ta shiga tsakaninmu. Tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san abin, bari in faɗa muku yadda yake.

Baba barunje ne, wato mahauci, kamar ubansa da kakansa. Amma ba yanka ne ya yi masa suna ba, fiɗa ce. Ku da kuke sayen nama a leda ba ku san yadda ake raba akuya da fatarta ba tare da an ɓata fatar ba. Bayan an yanka, sai a tsaga ɗan wuri a ƙafar baya, a zura tsinke a buɗa hanya tsakanin fata da tsoka, sannan mutum ya kafa baki ya yi ta hurawa har akuyar ta kumbura ta miƙe ƙafafu. Idan ta cika sai a bubbuga ta da tafin hannu, iska ta ratsa ko'ina, fata ta saki nama da kanta, a zare ta da dunƙulen hannu kamar ana tuɓe wa yaro riga. Baba yana da ƙirji, kuma yana da kunne. Yakan ɗalli cikin akuyar da yatsa ya saurara. In ta yi amo kamar kalangu, ta ƙoshi. In amon ya mutu, sai ya sake kafa baki. A gidanmu wannan ita ce ƙa'idar duk wani abin da ake cika wa iska, tun daga akuya har mafitsarar bijimi da muke bugawa muna yara a maimakon ƙwallo: a hura har sai ta yi magana.

Ni makaranta ta ɗauke ni, ta ajiye ni a aikin En'e, wato hukumar gargajiya, ina malamin fata. Aikina bin kasuwannin ƙauye in duba yadda ake fiɗa, in hana shanya fata a ƙasa cikin rana, in nuna a rataye ta a inuwa, domin fatar jar akuyar Sakkwato har ƙasashen Turawa ake nemanta. Da keke na fara. Ana saura shekara guda a sami 'yanci aka ba ni babur, baƙi wulik, mai farin ƙarfe a gefen tanki da ɗan famfo maƙale a jikinsa. Ranar da na je ɗauka, makanikin ya fito da wani ɗan ƙarfe mai kama da alƙalami, ya ce geji ne, ya dafa shi a bakin bawul, ya faɗi iskar da tayar gaba take so da wadda ta baya take so. Ban ji ko ɗaya ba. Ni a lokacin kaina cike yake da 'yan littattafan nan da ake bazawa a tabarma bakin kasuwa, na 'ya'yan sarakuna masu keta daji a kan ingarma saboda wata mai dara-daran idanu. Makaniki yana magana, ni ina kallon fuskata a jikin tanki ina gyara zaman hula. Gejin ma nasa ne, ya mayar da abinsa aljihu.

A wannan shekarar ce yanar ido ta rufe idanun Baba. Ta fara da na hagu, ta bi na dama, har ya zama yana ganin mutum kamar inuwa a bayan labule. Wata safiya a kwata ya huda fata wajen buɗe ta, abin da yaron da ke koyo ma ba a yafe masa, ya kuma yanki tafin hannunsa. 'Yan'uwansa suka taru suka roƙe shi ya huta, suka ce kasonsa zai riƙa iske shi har gida. Ya dawo ya miƙa wa Inna wuƙaƙensa, ta naɗe su a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Daga nan sai zaman zaure. Mutumin da hantsi bai taɓa iske shi a gida ba, ya koma in ya dawo daga masallaci sai ya sake jan bargo.

Babur ɗin a zauren yake kwana. Wata safiya na tsuguna ina ƙara wa tayar baya iska, sai ya ɗago kai daga buzunsa.

"Malami, mi ka huci haka?"

Malami yake ce mini, don sunan mahaifinsa gare ni. Na ce iska nake sa wa babur. Ya yi mamaki, ya ce ashe shi ma hura shi ake yi. Ya matso ya lalubi tayar, ya ɗalle ta da yatsa, ya kara kunne.

"Wagga ba ta ƙoshi ba. Kawo abin."

Na nuna masa yadda ake riƙe famfon, ya kama. Bai tsaya ba sai da tayar ta yi tauri kamar taɓarya, ta ba shi amon da yake nema. Ya koma ya yi wa ta gaba haka. Ya miƙe yana haki, gumi na bin gemunsa, fuskarsa a sake yadda na daɗe ban gani ba. Washegari kafin in fito ya riga ya gama. Abin ya dame ni, a ce uba yana durƙushe yana yi wa ɗa aiki a zaure masu wucewa suna gani. Na kai ƙara wurin Inna tana dama kunu. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ƙyale shi. Tun da anka karɓe mishi wuƙa, sai yanzu na ga ya koma riga ni tashi. Kai dai ce mishi an gode."

Na ƙyale shi. Abin ya zama masa alfahari. In maƙwabta suka taru a zauren da hantsi ana taɗin Turawa za su tafi, wani ya ce to wa zai sayi fata, wani ya ce haraji ma za a daina, shi Baba tambayarsa ɗaya ce, ko in za su tafi za su karɓe babur. Daga nan sai ya gaya wa duk wanda bai ji ba cewa babur ɗin Malami ba ya tashi sai ya sa masa hannu.

Cikin gari da kan titin burji abin da sauƙi, sai dai tsalle. Kowace tsakuwa sai na ji ta a ƙashin bayana, haƙorana suna haɗuwa. Amma hanyoyin kasuwanninmu yawancinsu yashi ne. Taya mai tauri in ta shiga yashi yanka shi take yi kamar wuƙa, ta nutse, kan babur ya ƙwace daga hannu ya nufi inda ya ga dama. Na faɗi a gaban mata masu tallan nono, na faɗi a tsakiyar jakai, na faɗi a gaban wani dagaci da ya fito tarbata da mutanensa. A cikin littattafaina ban taɓa karanta inda ɗan sarki ya shiga gari da yashi a kunne ba. Ba sau ɗaya ba kuma robar ciki ta fashe mini da tsakar rana, don iskar da aka cika da sanyin safiya kumbura take yi in rana ta take, tayar kuwa babu sauran wurin da za ta karɓa. Ni duk a zatona rashin iya tuƙi ne da sharrin ƙaya.

Ƙayar ce kuwa ta buɗe mini ido. Wata rana ina dawowa ta yi wa tayar gaba ɗan ƙaramin huji, iska tana fita a hankali ban sani ba. Na shiga wani dogon yashi da kullum sai na sauka na tura, sai na ji babur ya kwanta a kansa yana tafiya sumul kamar kwalekwale a gulbi. Na tsaya na duba. Tayar ta ɗan saki, ta baje a ƙasa. A gefen hanya ga sawun raƙumi, faffaɗa, da ƙyar ya shiga yashin, kusa da shi ga na jaki ya nutse. Nan na zauna na tuna makaniki da gejinsa. Daga ranar na shiga gwaji har na sami ma'aunina da babban yatsa. A yashi, taya ta lotsa in ka danna, ta gaba ta fi ta baya laushi. A burji, ta yi ƙarfi amma ta yarda ta motsa kaɗan. In akwai kaya ko mutum a baya, a ƙara wa ta baya. Kada kuma a zarce wajen ragewa, don in ta yi laushi da yawa ƙarfen wili zai cije robar ciki a kan dutse, ko bawul ya tsinke. Kuma tun taya na da sanyi ake aunawa, ba bayan ta sha hanya ta yi zafi ba.

To na sani yanzu, amma wa zai gaya wa Baba? Na shirya maganar a raina ba adadi. Kullum in na fito na same shi zaune kusa da babur yana goge hannu, ya ce mini "Ɗalla ka ji," sai maganar ta koma ciki. A gidanmu ɗa ba ya gyara wa uba aiki, balle aikin hura, wanda da shi duk gari ya san shi. Sai na sami wata tsamiya a bayan gari, daidai inda burji ya ƙare yashi ya fara. Kowace safiya nan nake tsayawa, in ciro tsinken ashana in danna bawul in rage. In zan dawo in sake tsayawa in mayar da ɗan abin da zai kai ni gida. Da safe Baba ya ɗalla ya ji ta sauka, sai ya hau faɗan robar Turawa da ba ta riƙe iska, ya ce fatar akuya ta fi ta amana. Har ya sa na kai ta wurin mai faci aka tsoma a ruwa, ba a ga kumfa ba. Baba ya ce shi ma mai facin makaho ne. Haka muka yi damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo, shi yana da aikinsa na safe, ni kuma na daina faɗuwa.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan na ga mahaifiyarku. Kun san ta da furfura da faɗa, don haka ba za ku yarda ba in na ce ranar da na fara ganinta a bakin rijiya, doguwa, siririya, da ƙwarya a kai da wata 'yar wushirya in ta yi dariya, sai da na manta inda birki yake. Hajo 'yar Modi ce, Bafulatani mai kawo awaki da shanu kasuwa, wanda Baba ya yi ta saye a hannunsa tun ba a haife ni ba. Na yi ta ƙirƙiro dalilin zuwa duba fatun ƙauyen, har dagacinsu ya tambaye ni ko awakinsu sun fi na kowa laifi ne. Ita ta yarda da ni. Modi ne ya ƙi. Ya ce ciniki daban, aure daban. Su ba sa ba barunje 'ya, ko ya yi boko, ko jirgin sama yake hawa. Ƙannen Baba suka je da goro, aka tarbe su da fura da nono, aka sallame su da sai an yi shawara. Labari ya iso gida. Sai Baba ya ce shi zai je da kansa, ba neman aure ba, don uba ba ya zuwa nema wa ɗansa, sai dai gaisuwar tsohon abokin ciniki. Kuma a babur zai je, domin Modi ya ga abin da ɗan barunje ke hawa.

Lokacin kaka ne, ana girbin gero, ba a daɗe da bikin 'yanci ba, 'yan makaranta suna ta yawo da 'yan tutocin da aka raba musu. Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Ranar ya hura tayoyin fiye da kullum, ya ce mutum biyu za su ɗauka. A kan burji kuwa yana da gaskiya game da ta baya. Muka tafi lafiya, yana riƙe da ƙuguna, yana gane unguwanni da hanci, nan majema, nan masu suya, yana dariya in iska ta cika masa riga. Muka doshi tsamiyar. Na ce a raina yau ɗaya dai in daure in bi a hankali. Na wuce ta ban tsaya ba.

Ba mu yi nisa cikin yashin ba tayar gaba ta nutse, kan babur ya fizge hagu. Na kafa ƙafa, da ƙyar na tare. Abin da ba zan manta ba shi ne hannuwansa. Sun damƙi haƙarƙarina, sai na ji ashe babu nauyi a jikin mutumin nan. Wanda ke saɓa cinyar bijimi shi kaɗai ya koma kamar busasshen kara. In na kayar da shi a nan, ƙashin tsoho ba ya ɗoruwa, ga shi gaba yashin ya fi zurfi, har da gangaren wani rafi. Na auna in tura babur shi yana bina a ƙasa, ya shiga garin Modi da rigar Sallah ana jansa da hannu. Na auna in ce mu koma gida, in ce injin ne. Na kashe babur, na ce ya sauka. Na kama hannunsa na tsayar da shi a inuwar wata aduwa, na ciro tsinken ashana. Na san babu yadda za a yi ya kasa ji, don idonsa ne ya tafi, kunnensa ƙaruwa ya yi. Na danna.

"Mi ka kuka?"

"Iska nake ragewa, Baba."

"Hwashewa ta yi?"

"A'a, ni nake rage ta. In ta yi tauri nutsewa take yi cikin yashi."

Na gama da ta gaba, na koma ta baya na taɓa ta kaɗan kawai saboda nauyinmu. Sannan ya tsuguna ya lalubo tayar, ya ɗalla. Ba ta ce masa komai ba.

"Hannunka ya saba," in ji shi. "Ba yau ka hwara ba."

"Ba yau ba ne."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Na jira faɗa. Da ya yi faɗan da na fi jin daɗi. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ce mu tafi kada rana ta yi. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda babur ɗin ya tafi bayan nan, lumui, ko tangaɗi babu, har gangaren rafin muka sauka muka hau kamar a kan tabarma. Hanya tana ba ni gaskiya, tsohon kuma yana jin haka a jikinsa. Bai sake riƙe ƙuguna ba, ƙarfen sirdi ya kama.

Da muka isa na tsaya nesa da gidan kamar yadda ya kamata, na zauna a gindin wani rumbu ina kallon bukkar da suka shiga. Bayan azahar Modi ya rako shi riƙe da hannunsa har wurin babur, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a gaya wa manya su dawo. Abin da aka ce a bukkar ban ji shi ba sai bayan aurenmu da shekaru, daga bakin mahaifiyarku, don tana bayan zana tana tankaɗe, rariya a hannu kunne a ɗaki. Ta ce sun fara da tsofaffin cinikayya, da wani sa mai ƙaho ɗaya da ya taɓa kubce musu ya watsa kasuwa, har Modi ya kawo maganar asali. Baba bai musa ba. Ga abin da ya ce:

"Barunje na, ɗan barunje. Amma yaron ga ya shekara yana wahal da kainai bakin hanya, don kada ya hwaɗa ma ubanai magana guda mai zahi. Ɗiyarka ba ta jin baƙar magana ga bakinai. Hwamar da za ta yi da shi guda ta, sai ta riƙa tonon magana cikinai awa gyaɗa."

Modi ya nemi jin labarin, Baba ya ba shi duka, har da zagin da ya yi wa mai faci. Modi ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan kunya kam ko cikin Fulani sai an bincika. Mahaifiyarku takan ce farkon maganar ta ji ta yi murna, ƙarshenta kuwa da shi ta yi ta aiki har ta tsufa.

Ya samo mini mata, amma daga ranar bai sake taɓa famfo ba. Da safe in na fito sai in tarar ya juya wa babur baya. In gaishe shi, ya amsa, iyakarta ke nan. Bargon nan ya dawo. Wannan shi ne shirun da Kulu ta gani. Na nemi Inna ta sa baki, ta ce ita ma ba ta da bakin magana tunda ita ta ce in ƙyale shi, amma ta gaya mini abin da ya ce mata. Ba ragewar ce ta dame shi ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne duk safiyar da ya zauna yana gaya wa maƙwabta babur ba ya tashi sai ya sa hannu, ashe bayan gari ake zuwa a zubar da aikin. Ya ce an mayar da shi yaron da ake ba wuƙar kara ya yi wasan fawa.

Aka ɗaura aure, aka kawo amarya, shirun bai tafi ba. Ni dai abin da na iya shi ne na daina yin komai a ɓoye. Kowace safiya in tsuguna a zaure in yi aikin a gabansa, ina faɗa da ƙarfi kamar mai magana da babur: yau kasuwa kaza za ni, burji ne har rabi sauran yashi, zan dawo da fatu a baya, kada in rage da yawa ƙarfe ya cije roba. In ƙara, in rage, ya ji hucin da kunnensa. Ba ya tankawa. Har aka shiga bazara zafi ya sauko. Wata safiya na ce yau yashi ne tun daga bakin gari, na rage ta gaba, na ɗauki hula zan fita, sai na ji ya ce in dakata. Ya miƙo hannu ba tare da ya juyo ba. Na turo babur ɗin kusa da shi. Bai ɗalla ba. Ya ɗora babban yatsa ya danna, ya daɗe yana dannawa, yadda yake taɓa bayan rago a kasuwa ya san kitsensa.

"Ka zarce. Ƙara mata kaɗan."

Ashe duk watannin nan yana saurare. Na ƙara. Ya sake dannawa, ya ce ya isa. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Ba a hura tunkiya awa bunsuru, hwatarta yagewa ta ka yi. Wanga na san shi tun ban yi gemu ba. Da ka ce mini abin naka tunkiya ta, da mun gama tun bara."

Bai sake ɗaukar famfo ba har ya bar duniya. Famfo ya zama nawa, yatsa nasa. Ya ce ƙara in ƙara, ya ce rage in rage. Wata rana in ce masa a'a, yau da kaya zan dawo, mu yi musu, wani lokaci ya ci, wani lokaci in ci, Inna tana yi mana tsawa daga cikin gida cewa kunu na hucewa. Ya kuma koma riga Inna tashi. Amma alfaharin nan da yake yi wa maƙwabta bai dawo ba, kuma ban sake jin ya ce "Ɗalla ka ji" ba. Wannan na rasa shi, ko a gindin aduwar nan, ko tun a gindin tsamiya, har yau ban yanke ba. Mahaifiyarku har ta rasu cewa take tsamiya.

Yanzu ga ni a Arkilla gidan yayanku Bello, nawa idon ya fara bin hanyar na Baba. Kowace safiya ɗansa Aminu kan turo mini babur ɗinsa bakin ƙofa kafin ya tafi aiki. In danna, in ce ƙara ko rage, ya ce "To, tsoho," ya yi abin da na ce. Yaron kirki ne. Amma tayoyin yanzu ba irin namu ba ne, hanya ma duk kwalta ce, kuma na lura kullum in ya fita, ƙarar babur ɗin takan mutu daidai kwanar da mai faci yake, sannan ta sake tashi. Shi jika ne, ba ɗa ba, yana da bakin faɗa mini. Ku gaya masa kunnena lafiya lau. Gobe ya faɗa mini a bakin ƙofa.